Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar Fina-finai ta Najeriya da furodusoshin Kannywood: ku ceto tsofaffin fina-finanmu kafin fumfuna ta gama da su

Assalamu alaikum.

Zuwa ga shugaban Hukumar Fina-finai ta Najeriya da ke Jos, Malam Ali Nuhu, da shugabannin MOPPAN, ƙungiyar masu sana'ar shirya fina-finai, da duk wani furodusa ko tsohon ɗan kasuwar kaset da wannan saƙo zai iske. Ranku ya daɗe, ina gaisuwa, ya aiki ya fama da jama'a, Allah Ya taya ku riƙo.

Ni dai ba 'yar fim ba ce, ban taɓa rubuta labari ba, ban taɓa tsayawa gaban kyamara ba, 'yar kallo ce kawai daga cikin garin Bauchi, irin mu ɗin nan da kuɗin tararmu na makaranta ya ƙare a shagon hayar kaset na bakin layi. Toh tunda da 'yan canjinmu aka gina masana'antar nan ina ga ba laifi in na sa baki. Roƙona guda ɗaya ne, ku tattara tsofaffin fina-finan Hausa na zamanin kaset da na CD, a juye su a kwamfuta, a rubuta sunan kowanne da shekararsa da waɗanda suka yi shi, a adana su a wuri guda. Kuma dan Allah in za a fara kar a bar na soyayya da barkwanci a baya, dan su aka fi rainawa kuma su ne za su riga kowa ɓacewa.

Abun da ya taso da maganar, 'yar yayata ce ta miƙo min waya kwanakin baya tana dariya har da hawaye, wai Anti kalli wasu mutanen da, wani ɗan guntun bidiyo ne a TikTok bai kai minti ɗaya ba, an ma ɗora masa wani kiɗa daban a kai. Ina gani gabana ya faɗi. Fim ɗin da na fi so ne a duniya lokacin ina 'yar sakandare, wanda muka yi ta karɓo hayarsa har mai shagon ya fara mana tsiya wai mu siya kawai mu huta. Ba zan faɗi sunansa ba, dan kar a ce furodusa ɗaya na sa a gaba alhali matsalar ta kowa ce, amma wanda ya sani ya sani. Labarin wani tela ne talaka mai ɗan shago a bakin titi da ya kamu da son 'yar wani gida da yake musu ɗinki, shi kuma bai da kayan kirki, kullum in zai je zance sai ya zari kayan kwastoma ya saka ya je ya dawo ya goge ya rataye, yau shadda gobe yadi, har yarinyar ta fara ce masa alhaji, rannan tsautsayi ya sa ya zura babbar rigar baban yarinyar ya tafi ƙofar gidan da ita, ga baban kuma ya dawo daga masallaci. Akwai kuma wata kaka a gidan da ta san komai, tana karɓar goro a hannun telan tana karɓar kilishi a hannun ɗaya manemin, kowa ta ce masa kai ne mijin.

Na tashi nemansa. Na je wajen masu tura fim a waya ta wajen Wunti, yaran ma ba su taɓa jin sunan ba, ɗaya ya ce Hajiya sai dai in saka miki sabon siris ko fassarar Indiya. Da ƙyar wani ya tono min shi a cikin tsohuwar kwamfutarsa, daga YouTube aka sauke, kuma wallahi kallonsa sai da haƙuri. Tambari uku a kan allo na mutane daban-daban da kowa ya kwafa daga wajen wani ya liƙa nasa, ɗaya daidai kan fuskar jarumar, hoton ya dushe ya koma ruwan ƙasa, sauti na gaba baki na baya, an yanke farkon gaba ɗaya inda ake jero sunaye, an kuma sa masa wani suna na ƙarya wai sabon fim. Ya zo daidai inda baban ya kama hannun rigarsa a jikin telan sai ga rubutu, mu haɗu a kashi na biyu. Kashi na biyun kuma babu shi a wajensa, babu a wajen na kusa da shi, na bincika intanet iya iyawata shiru. An ba ni masa babu miya kenan.

Amma duk da haka na zauna na kalli abun da na samu, kuma a nan ne na ga abun da ya sa na ce sai na rubuto muku. Da can waƙoƙin nake jira, da wajen da telan yake rarraba ido. Yanzu da na girma na aurar da ƙanne na ga rayuwa, sai na ga ashe fim ɗin ya fi haka zurfi. Yarinyar nan tun ranar farko ta san kayan ba nasa ba ne, ai ita take kai ɗinkin gidansu shagon, ta ga shaddar nan a rataye da idonta, amma ta yi shiru tana ce masa alhaji dan kar ta kunyata shi, akwai wani kallo da take masa ta gefen mayafi in ya fara cika baki, ina yarinya ban taɓa lura da shi ba sam. Wanda ya rubuta wannan ya san talauci ya san kunya, ya san yadda mace take rufa wa namiji asiri tun kafin ya zama mijinta, kuma ya faɗe shi cikin raha ba tare da ya tsayar da wani dattijo ya yi mana wa'azin minti goma ba. Ni kam a wajena wannan gwaninta ce, ko da kuwa kyamarar tana rawa kuma ana jin kukan akuya a bayan masoya.

Bayan labarin kuma akwai abun da kyamara ta ɗauka ba da niyya ba. Babu waya a hannun kowa, dan sai 2001 wayar salula ta shigo ƙasar nan, saboda haka ɗan aike ake turawa ya yi sallama da yarinya, wasiƙa ake ninkewa a ba ƙanwarta tare da 'yar alawa. Kuɗin da telan ya ƙirga ya ba kakar 'yan Murtala ne, naira ashirin-ashirin, kuma a lokacin kuɗi ne na gaske, takardar dubu ɗaya ma sai 2005 ta fito. Ga Fijo a kan titi, ga 'yan acaɓa, ga ɗaurin ɗankwalin da iyayenmu suke yi, ga kwalla da samiru jere a ɗakin amarya, ga yadda ake shimfiɗa tabarma a zaure a ajiye fitilar ƙwai a tsakani. 'Yar yayata tana ta tambaya, Anti wai da gaske haka kuke zance a tsaye a waje kowa na wucewa? Babu littafin makarantar da zai nuna mata wannan. Waɗanda suka yi fim ɗin neman abinci suke da nishaɗantar da mutane, amma sun ajiye mana hoton yadda muke a wancan lokacin, kuma kusan shi kaɗai ne hoton mai motsi da talaka yake da shi na kansa.

Sannan akwai mutanen da ke ciki. Da yawa daga fuskokin wancan zamani sun riga mu gidan gaskiya. Ahmad S. Nuhu a nan jiharmu Allah Ya karɓi abunsa, haɗarin mota a Azare ranar 1 ga Janairun 2007, har yau mutanen Bauchi ba su manta da ranar ba. Hauwa Ali Dodo ita ma haɗarin mota, farkon 2010. Rabilu Musa Ibro a Disambar 2014. Allah Ya jiƙansu Ya gafarta musu. Waɗannan suna da 'ya'ya da dangi da ya kamata a ce in suna son ganin aikin nasu akwai inda za su je su gani da mutunci, ba guntu-guntu a TikTok an ɗora musu kiɗan da ba su san shi ba. Yallaɓai shugaba, kai ka yi aiki da su, ba sai na yi dogon bayani a nan ba.

Na san wani zai ce ai komai yana YouTube. Ba komai ba ne, kuma wanda yake can ɗin ma ba ajiya ba ce. Yaron da ya ɗora yau gobe za a iya rufe masa tasha komai ya tafi, mai fim ɗin na asali ko sisi ba ya samu, kuma da yake farkon suke yankewa sai a rasa wa ya rubuta, wa ya ba da umarni, wa ya yi kiɗan fiyanon, su wa suka rera waƙoƙin. Ku kun fi ni sani cewa ba jaruman ne suke waƙar ba, bin baki suke, masu muryar suna can situdiyo ba a ganin fuskarsu, sunansu a rubutun farkon nan kawai yake, in an yanke shi shikenan an shafe su.

Kaset ɗin kuma da muke gani kamar yana nan a ajiye, mutuwa yake a hankali. Na je gidanmu na sa aka fito min da wata tsohuwar jaka daga sito, cike da kaset, har da nawa fim ɗin da kwalinsa, na biyun ne dai babu. Ta 'yar tagar nan ta jikin kaset ɗin kana hango fumfuna fari fat ta bi zaren. Na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin, ya juya shi ya ce 'yata kar ki yarda ki saka wannan a bidiyo ko kin samu, zai ɓata kan na'urar kuma zaren zai iya tsinkewa ko ya kankare, sai an buɗe an goge shi a hankali tukuna. Ya ce shi kansa rabonsa da ganin bidiyo mai aiki an jima. Gaskiyarsa, zaren kaset maganaɗisu ne aka shafa a jikin leda, zafi yana cinsa, laimar damina tana sa shi ya manne da juna, ga ƙurar hunturu, a ɗakunanmu kuwa duk ukun babu wanda ba ya samu. Na'urar ma an daina ƙera ta, kamfanin Funai na Japan shi ne na ƙarshe kuma a 2016 ya tsaya. Wato duk bidiyon da ya lalace yanzu ya tafi kenan, sai dai a ciro kayan wani a gyara wani. CD da muka ɗauka ya fi kaset ƙarko shi ma ga shi nan, ya karce, bayan ya ɓare, ya tsaya cak a tsakiyar waƙa.

Ku lissafa, daga fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 zuwa yau an haura shekara 30. Kasetocin farko sun riga sun tsufa. Kuma yadda kasuwar take a lokacin, furodusa ya gama fim ya kai kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, 'yan kasuwa su buga su rarraba, a ci kasuwarsa a wuce na gaba, babu wanda yake tunanin wata rana za a nemi masta, wato asalin kaset ɗin da ake buga sauran daga jikinsa. Ba zargin kowa nake ba, a lokacin ana ta kai ne, wani ma kuɗin fim ɗin bashi ne. Amma wasu mastocin suna nan a ƙarƙashin gado ko a bayan shago, wasu a hannun magada da ba su san mene ne ba, ranar da za a share ɗaki za a haɗa da tsofaffin takardu a ƙona.

Abun da ya ba ni ƙarfin gwiwar rubuto muku shi ne an taɓa yi, kuma da abun da ya shafe mu mu 'yan Bauchi. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda kabarinsa yake nan cikin garinmu, an daɗe ana ɗauka ya ɓata. A 2016 aka gano shi a cikin kayan hukumar nan taku, aka gyara shi tare da cibiyar fina-finai ta Arsenal da ke Jamus, a 2018 aka haska shi a bikin fina-finai na Berlin. Na ji daɗin wannan sosai. Amma sai na tambayi kaina, shi wannan an cece shi ne dan littafin Firayim Minista ne kuma gwamnati ce ta yi shi, toh telana fa da rigar aro, wa zai zo daga Jamus dan shi? Babu. In ba ku ba babu kowa. Kuna da ma'ajiyar fina-finai a Jos, kuna da makarantar koyon fim a can da ɗalibai da za su iya wannan aiki a matsayin darasi, kuma tun Janairun 2024 wanda yake kan kujerar ɗan cikin gida ne da ya fito daga zamanin kaset ɗin da kansa. In ba a yi yanzu ba ban ga lokacin da zai fi wannan ba.

Aikin ma ba wani sihiri ba ne, haƙuri yake so. Bidiyo mai lafiya, 'yar na'urar da take haɗa shi da kwamfuta, da mutum mai natsuwa da zai zauna, dan kaset ba a juye shi da gaggawa, fim ɗin awa biyu awa biyu zai ci. Shi ya sa jinkirin yake ban tsoro, fina-finan suna da ɗimbin yawa kuma ɗaya bayan ɗaya za a bi su. A ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya saboda gobara da lalacewar kwamfuta. A ɗauki hoton kwalin gaba da baya, dan a jikinsa ake samun sunaye. Wajen gano shekaru da sunaye kuma ba daga sifili za ku fara ba, mujallar Fim tana fitowa tun 1999, Hukumar Tace Fina-finai ta Kano tana nan tun 2001 kuma ta hannunta fina-finai suke bi, ga irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da suka daɗe suna rubutu a kan masana'antar. A zauna da tsofaffin 'yan kasuwa da masu shagon haya tun suna raye, wallahi wani a kansa kaɗai akwai sunan fim ɗari da wanda ya yi kowanne.

Akwai magana guda da ba zan tsallake ba dan ni mace ce na san nauyinta. Wasu jaruman mata sun yi aure sun bar harkar, suna da 'ya'ya manya, wasu har surukai, ba sa so a riƙa yawo da rawar da suka yi suna 'yan mata. Suna da gaskiya, kuma abun da yake faruwa yanzu shi ne mafi muni a gare su, dan kowane yaro mai data yana yanko wajen rawar kaɗai ya watsa babu mai tambayarsu. Adanawa daban, watsawa daban. A adana duka, amma wajen fitarwa a nemi mai fim a nemi waɗanda abun ya shafa, wanda aka amince a fitar da shi da kyau da cikakken sunaye, wanda ba a amince ba ya zauna a ma'ajiya dan masu bincike. Kuma wanda aka fitar ɗin kuɗin ya koma ga mai shi ko magadansa. Ni dai zan biya, kuma na san mata da yawa sa'o'ina a Bauchi da Gombe da za su biya dan su kalli abun da suka taso da shi a hoto mai kyau, yanzu ma ai data muke ƙonawa a kan kwafi mai tambari uku.

Masu cewa fina-finan nan kwaikwayon Indiya ne babu abun adanawa a ciki, eh wasu kam kwaikwayo ne ƙarara, mu da muka kalla mun fi kowa sani, har gardama muke a makaranta kan daga ina aka ɗauko wane. Akwai kuma waɗanda ba su da kai ba su da gindi. Amma ba aikin mai ajiya ba ne ya zaɓa wa jikoki abun da za su gani, ku ajiye mai kyau da mara kyau su zo su yi nasu hukuncin. Kuma abun dariya ba ƙaramin abu ba ne, a shekarun nan mata nawa ne suke kulle a gida, miji ya fita tun safe, abun da yake sa su dariya su da kishiya da 'ya'ya a tabarma ɗaya in an kawo wuta shi ne kaset ɗin nan. A gidanmu ranar da aka karɓo sabo har maƙwabta suke shigowa, a yi ta addu'a kar NEPA ta ɗauke kafin a gama.

Ku kuma furodusoshi na yanzu, wata 'yar magana a gefe. Ina kallon siris ɗinku, hoto tas, gidaje na alfarma, motoci, amma kusan kowa a ciki ko yana kuka ko yana ƙulla wa wani sharri har kashi na hamsin. Ina soyayyar da za a yi dariya a cikinta a gama a zama ɗaya? Ku koma ku kalli na da ɗin in an tattaro su, akwai abun ɗauka.

Abun da nake so ku yi wa mu na nesa da Kano shi ne ku sanar a gidajen rediyo da Hausa cewa duk mai tsohon kaset ko CD na fim ɗin Hausa kar ya zubar, ku ware wuri a Bauchi da Gombe da Azare inda za a riƙa kaiwa, a rubuta sunan mutum a ba shi shaida, in an juye a dawo masa da kayansa tare da kwafi a waya. Daga nan zuwa Jos tafiyar awa biyu ce ko ƙasa da haka, mota ɗaya ta isa ta kwashe na gari guda. Jakar gidanmu na riga na fitar da ita daga sito na sa a inda babu laima kamar yadda dattijon nan ya ce, ranar da kuka buɗe wajen karɓa ni zan fara kawowa.

In kuma akwai wanda ya gane fim ɗin telan nan daga bayanina kuma yana da kashi na biyu a ajiye, ko furodusan ne ko magadansa ko wani tsohon mai shagon haya, dan girman Allah kar a saka shi a bidiyo a gwada, a kai wa mai gyara ya duba zaren tukuna.

Na gode, Allah Ya ba ku ikon yi.

Taku,
wata 'yar kallo daga cikin garin Bauchi.